Me ya sa likita zai huda ƙashi don gyara jijiyar gwiwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya gurɗe a filin ƙwallo, hoton MRI ya nuna jijiyar tsakiyar gwiwarsa ta tsinke, kuma likita ya ce sai ya huda ƙashi wuri biyu kafin ya sa masa wata. Me ya hana a ɗinke wadda ta tsinke ɗin kawai? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Wannan jijiya, wadda likitoci ke kira ACL, ita ce ke riƙe ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri daga cikin gwiwa, tana hana ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa, kuma idan ta tsinke a tsakiya da wuya ta haɗe ko an ɗinke ta. Shi ya sa ake ciro wata jijiya daga jikin majiyyacin, daga bayan cinya ko daga ƙasan ƙoƙon gwiwa, a dasa ta a gurbinta.

Hujin da ya tayar miki da hankali shi ne zuciyar aikin. Likita yana zura 'yar ƙaramar kyamara cikin gwiwa, ya gano sawun da tsohuwar jijiyar ta bari a jikin ƙasusuwan biyu, sannan ya haƙa rami mai faɗin milimita 8 zuwa 10 a kowannensu, ya jawo sabuwar ta cikinsu, ya ɗaure ta da kusa ko da ɗan maɓallin ƙarfe. Idan ramin ƙwauri ya matso gaba da yawa, jijiyar za ta riƙa gogar rufin kwarmin da ke ƙarshen ƙashin cinya duk lokacin da yaron ya miƙe ƙafa, har ƙafar ta ƙi miƙewa sosai. Idan kuwa na cinya ne ya yi gaba, sai ta ɗaure tamau wajen lanƙwasawa, ko dai gwiwar ta sandare ko jijiyar ta saki. Ramin da ya miƙe tsaye kuma yakan bar gwiwa tana gocewa a duk juyi. Kauce wa wurin da ya dace shi ne kuskuren aiki da ya fi jawo lalacewar wannan tiyata, kuma don haka ne likitoci da yawa yanzu suke lanƙwasa gwiwa zuwa kimanin digiri 120, su huda ƙashin cinya ta wata 'yar ƙofa dabam da suke yankawa a gaban gwiwa, maimakon bi ta ramin ƙwauri kamar yadda aka saba a da.

A ganina, kada ki ji nauyin tambayar likitan yawan yadda yake yin wannan aiki, ko a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano ne ko a wani wurin. Jijiyar tana buƙatar makonni 8 zuwa 12 kafin ta kama ƙashi, sannan a ci gaba da gashin ƙashi da atisaye, kuma bai kamata ya koma ƙwallo ba kafin wata 9, sai kuma likita ya gwada ƙarfin ƙafar ya amince.