Amsa ga mai tambaya kan ɗacin tabar siga

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka cewa an kawo maka tsarabar tabar siga daga waje, ka kunna ɗaya sai ka ji ɗaci da jiri kawai, har kana zargin ko jabu aka ba ka. Na yi shekaru ina karatu a Kyuba, kuma a can na koyi sha'aninta a hannun wani dattijo maƙwabcinmu wanda ya tsufa yana naɗin taba, don haka bari in faɗa maka abin da nake zaton ya faru.

Siga daban, sigari daban. Siga ganyen taba ce zalla hawa uku: na ciki, da wanda ya ɗaure shi, da na waje mai santsi, babu takarda kuma babu auduga a gindi. Ba a zuƙar hayaƙinta zuwa ƙirji. Ana ja ne ya cika baki, ya ɗan zauna a kan harshe, sannan a fesar. Jirin nan ina kyautata zaton ka zuƙa ne irin ta sigari, watakila ma cikinka babu komai. Sai dai kada wannan ya sa ka ɗauka ba ta da illa, domin nikotin ɗinta yana shiga jiki ta fatar baki, kuma tana jawo ciwon daji na baki da maƙogwaro ko da ba a haɗiye hayaƙin ba. Fidel Castro, tsohon shugaban Kyuba, da aka san shi da ita ma ya daina a 1985.

Shi kuwa ɗaci, abu biyu ne ke kawo shi, bushewa da gaggawa. Ana ajiye siga ne a inda laimar iska take tsakanin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, mu kuwa da hunturu laimar takan faɗi ƙasa da kashi 20, ta yadda kwana kaɗan a cikin durowa ya isa ya mayar da ita kamar karan dawa. Ka ɗan matsa ta a hankali kusa da kunnenka: idan ta yi ƙaras-ƙaras, ta bushe, kuma busasshiya tana ci da sauri da zafi, ƙamshin ya gudu ya bar maka ƙauri. Ka sa sauran a mazubi mai murfin da iska ba ta shiga, tare da ɗan soso mai laima a gefe wanda ba ya taɓa su, ka bar su mako biyu ko uku. Kada ka yayyafa musu ruwa, kada kuma ka sa su a firji, domin ƙara busar da su zai yi.

Wajen yanka, milimita 2 ko 3 kawai ake cirewa daga rufaffen kan, da abu mai kaifi sosai. In ka zarce kafaɗarta, wato inda lanƙwasar kan ta ƙare, ganyen waje zai warware maka a baki. Ka kunna da leta mai gas ko dogon ashana bayan kansa ya gama ci, ban da kyandir, saboda warinsa yana kama ganyen. Ka riƙe ɗaya bakin sigar, wanda ba ka yanka ba, sama da harshen wutar kana juyawa har gefen ya yi baƙi ko'ina, kafin ka fara ja.

Gaggawa ita ce inda kusan kowa yake faɗuwa, har da ni. Ranar farko ina ta ja ba ƙaƙƙautawa, sai dattijon nan ya zare ta daga hannuna, ya ɗora yatsana kusa da wutar, na ji zafi kamar gindin tukunya. Ya ajiye ta a kan faranti, ya zuba mini gahawa, bai mayar mini da ita ba sai da ta huce. Ja ɗaya a minti ɗaya ya wadatar. Wadda ake kira robusto, mai tsawon milimita 124, takan ɗauki kusan awa guda. Kada ka riƙa kaɗe toka, domin tana rage zafin wutar, za ta faɗi da kanta. In ta mutu, ka hura ta waje ka kori tsohon hayaƙi sannan ka sake kunnawa. Idan ta kai kashin ƙarshe cikin uku kuma ɗaci ya fara, ka kwantar da ita ta mutu da kanta, domin murje ta shi ke cika ɗaki da wari.

Game da jabu, zarginka ba banza ba ne, musamman in tambarin Cohiba, wani samfurin sigar Kyuba, ne a jiki, domin ita aka fi kwaikwaya, ana tallarta da araha a titunan Habana, babban birnin Kyuba. Ka sadaukar da guda ɗaya ka tsaga ta a tsaye: ta gaskiya mai naɗin hannu dogayen ganye za ka gani daga kai har gindi, jabu kuwa yawanci ɓarɓashi ne da jijiyoyin ganye.