Amsa ga mai neman tallafin gwamnati don ƙera eriyar tauraron ɗan'adam

Malam, ka ce ƙaramin kamfaninku ya haɗa samfurin eriya mai kamo intanet daga tauraron ɗan'adam, kuna son kuɗin gwamnati ku ƙarasa aikin, kana tambayar ta ina za a fara. Kafin ku taɓa fom, ku tantance inda samfurin ya tsaya, domin a nan takardu da yawa suke faɗuwa.

Hukumomin sararin samaniya suna auna nunar fasaha da ma'aunin TRL (matakin shirin fasaha don aiki) mai matakai 9, wanda ya samo asali daga NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka. Mataki na 4 shi ne an gwada abin a ɗakin gwaji, na 6 an nuna samfuri yana aiki a yanayi irin wanda zai zauna a ciki, na 9 kuwa ya riga ya shiga aiki na gaske. Kowane shirin tallafi yana da matakan da yake biya wa. Abin da mai tantancewa yake nema ya gani ƙarara shi ne: muna mataki na 4, da wannan kuɗi za mu kai na 6 cikin wata 18, ga kuma gwajin da zai tabbatar. Wanda ya ɗaga matakinsa don burgewa ya yi asara biyu, injiniyan da ke karantawa zai gane, kuma ya fitar da kansa daga kuɗin bincike da ya cancanta.

Sai sharuɗɗan shiga, a karanta su tun ranar farko. Shirin ARTES na Hukumar Sararin Samaniya ta Turai na kamfanonin ƙasashen da suka zuba kuɗi a cikinsa ne, kuma sai da takardar amincewa daga wakilan ƙasarku a hukumar, saboda haka su ake fara tuntuɓa. SBIR, shirin tallafin bincike na Amurka ga ƙananan kamfanoni, da aka kafa a 1982, na kamfanin da ma'aikatansa ba su wuce 500 ba ne, wanda akasarin hannun jarinsa na Amurkawa ne. A Horizon Europe, shirin tallafin bincike na Tarayyar Turai, kamfani mai neman riba yakan sami kashi 70 cikin 100 na kuɗin aikin da ya kusa kasuwa, ragowar daga aljihunsa. Rajista a shafin hukuma kaɗai takan ci makonni.

Zuciyar takardar ita ce lissafin ƙarfin sigina daga tauraro zuwa eriya, kuma a ganina nan ya kamata rabin ƙoƙarinku ya tafi. Tauraron da ke tsaye a kan wuri ɗaya yana nisan kilomita 35,786 sama da doron ƙasa, a saitin layin Ikwaita, kuma a mitar gigahaz 12 sigina yana rasa kusan desibel 205 (ma'aunin ƙarfin sigina) a hanya. Ku nuna abin da ya rage bayan haka, da rarar da kuka bari saboda ruwan sama, wanda ke raunana sigina a zangon mita na Ku, inda gigahaz 12 yake, ya fi kuma tsananta a zangon Ka da ke sama da shi. Idan taurarin ƙasa-ƙasa kuke nufi, matsalar daban ce: kowanne yana ƙetare sama cikin 'yan mintuna, dole eriya ta bi shi, ta jure sauyin mita saboda gudunsa, ta koma kan na gaba ba tare da layi ya yanke ba. Eriya shimfiɗaɗɗiya mai juya sigina da lantarki tana rage ƙarfi idan tauraro ya yi ƙasa, ga cin wuta, ga zafi. Ku ba da alƙaluman kusurwa mafi muni, kuma ku bambanta abin da kuka auna da hannu da abin da kwamfuta ta hasaso. Haɗe su biyun a tebur ɗaya yana zubar da amana nan take.

Izinin mita ma ya shiga jadawali. Ba a aika sigina sama sai da lasisin gwaji daga hukumar sadarwa ta ƙasa, kuma mai tauraron ba zai bar ku ku hau nasa ba sai ya gamsu cewa eriyarku ba ta fesa wa maƙwabcinsa, tunda taurarin da ke tsaye sukan kasance digiri 2 ko 3 kawai tsakaninsu. Idan wata rana za ku harba tauraron kanku, rajistar ITU, hukumar sadarwa ta duniya da ke Janiba, ta hannun gwamnati take bi, kamfani ba ya shigar da ita da kansa. Haka wasu sassan lantarki na Amurka suna ƙarƙashin dokokin hana fitarwa, ITAR da EAR, don haka ku rubuta madadin kowane sashe mai wuyar samu.

Wasiƙar mai saye tana da nauyi ƙwarai, amma wadda ta faɗi abin da zai gwada, da yaushe, da abin da zai sa ya saya. Wadda ta ce "muna sha'awa" kawai ba ta ƙara komai.

Batun kuɗi kuma, yawancin tallafi ana biyansa ne bayan an kai gaɓar da aka yi alkawari kuma an karɓi rahoto, don haka sai kuna da abin biyan albashi na watanni kafin kuɗi ya faɗo. Ku yanka aikin gaɓa-gaɓa, kowace da sakamakon da za a iya aunawa, kada babban biya ya rataya a kan gwajin ƙarshe shi kaɗai. Abin da kuka kashe kafin ranar fara kwangila galibi ba a mayarwa. Ku riƙa rubuta sa'o'in aikin kowane ma'aikaci tun daga makon farko, masu binciken kuɗi za su tambaya. Sashen mallakar fasaha kuwa lauya ya duba shi kafin sa hannu, musamman haƙƙin da gwamnati take riƙewa na amfani da abin da kuɗinta ya samar.