Amsa kan girman farfela da gudun injin kwale-kwale

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce kana da inji Yamaha mai doki 40 a kwale-kwalen da kake dakon kaya da shi tsakanin Bubon da Yamai a kan kogin Neja, ka cire farfela mai lamba 11 ka sa mai lamba 15 don ka ƙara gudu, amma sai jirgin ya yi nauyi, esansi, wato fetur, kuma ya riƙa ƙarewa da wuri. Ina ganin injinka lafiya lau yake, farfelar ce ta fi ƙarfinsa, kuma ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin a farkon shigata sana'ar.

A jikin kowace farfela, wadda makanikanmu na nan suka fi kira elis, akwai lambobi biyu, misali 11 5/8 x 11 ko 11 x 15, kuma duka da inci ake auna su. Ta farko ita ce faɗin da'irar da fikafikan suke zagayawa. Ta biyu ita ce takun farfela, wato nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce cikin abu mai tauri take shiga, kamar yadda ƙusa mai zare take shiga katako. Saboda haka abin da ka canza ba girma ba ne, taku ne, kuma faɗin ma raguwa ya yi kaɗan. Taku tamkar giyar mota yake. Mai 11 ƙaramar giya ce ta jan kaya, mai 15 kuwa babbar giya ce, kuma duk direban da ya tashi da lodi a babbar giya ya san irin nishin da inji yake yi.

Ma'aunin da ya raba gardama shi ne yawan juyin inji a minti idan an buɗe masa wuta duka. Irin injinka an ƙera shi ya yi aiki tsakanin juyi 4,500 da 5,500, kuma a cikin wannan tsakanin ne dawakan nan 40 suke fitowa. Ƙa'idar da makanikai suke bi ita ce, duk inci ɗaya da aka ƙara a taku yana rage juyi kamar 150 zuwa 200. Kai inci huɗu ka ƙara a lokaci ɗaya, ka ga ke nan ka zubar da juyi 600 zuwa 800, kuma a jirgi mai nauyi abin yakan wuce haka. Idan da ma a 5,000 kake, yanzu ka sauka ƙasa da 4,500. Injin da aka danne haka yana shan mai ba tare da ya ƙone shi da kyau ba, buji, wato filogi, yana yin baƙi, zafi yana taruwa a fistin, kuma ƙarshenta sai an buɗe shi tun lokacin buɗewa bai yi ba.

Idan wanda ya sayar maka ya ce mai 15 za ta ƙara gudu, ba lalle ƙarya ya yi ba, a takarda lissafinsa yana tafiya. Giyar ƙafar injin, wato ɓangarensa na ƙasa da farfela take jikinsa, tana raba juyi gida biyu, don haka 5,000 na inji 2,500 ne a farfela, kuma da taku 11 wannan ya kama kusan kilomita 42 a awa, da taku 15 kuwa ya fi haka. Sai dai ruwa ba katako ba ne, farfela tana sulɓewa a cikinsa, kuma kwale-kwalen katako da aka cika da kabewa da buhuna ba ya hawa saman ruwa, turawa yake yi da ƙirji, shi ya sa ba ya ko kusantar wannan lamba. Taku 15 ya dace da ƙaramin jirgi marar nauyi, mai ɗauke da mutum biyu ko uku.

Ni abin da ya faɗakar da ni shi ne wata tafiya daga garin Say muna hawo ruwa zuwa Yamai a lokacin cikar kogi ta watan Janairu, sa'ad da ruwan da ya taso daga ƙasar Gine yake isowa. Farfela mai dogon taku ce a ƙafar injin, lodi ya cika, na buɗe wuta har ƙarshe amma bakin gaɓa da ƙyar yake wucewa, muka iso Saga, gab da Yamai, da galan a bushe. Da na koma mai 11, ƙarar injin ta saki, tafiyar ta ragu da lokaci mai yawa, mai kuma ya rage a galan. Tun daga nan farfela biyu nake ajiyewa, ta lodi da ta ranar da jirgi yake wofi.

Kada kuma ka zarce ɗaya ɓangaren, domin taku idan ya yi gajarta inji yana wuce 5,500, ya yi ta kururuwa ba ci gaba, wannan ma lalata shi yake yi. Shawarata ita ce ka nemi makanikin da yake da ƙaramin agogon ƙidayar juyi, wanda ake naɗa wayarsa a kan wayar buji, ka yi lodin da ka saba ɗauka ranar Laraba ta kasuwar Bubon, ka buɗe wuta a wuri mai zurfi, ka karanta lamba. Idan ta faɗa tsakiyar ma'aunin nan na 4,500 zuwa 5,500 ko sama da tsakiya kaɗan, ka samu farfelarka.

Kafin gwajin ka duba abu biyu, don kada su ruɗe ka. A watannin Mayu da Yuni, idan ruwa ya janye, rairayi da duwatsu suna cinye bakin fikafikai ko su lanƙwasa ɗaya, kuma farfelar da ta ci ƙasa ba ta ba da lambar gaskiya. Sannan akwai robar da ke cikin cibiyar farfela, wadda idan ta saki za ka ji inji ya ɗauki ƙara jirgi kuwa bai motsa ba. Ka ja layi da fenti daga cibiya zuwa jikin farfela, ka yi ƴar tafiya, idan layin ya rabu to robar ce.

Game da farfela ta ƙarfe marar tsatsa da wasu suke yabo, a kogin nan namu na fi son ta alminiyam, saboda idan ka daki dutse ita ce take karyewa, ta ƙarfen kuwa sai ta miƙa dukan ga sandar farfela da haƙoran giya, waɗanda kuɗinsu ya ninka nata nesa ba kusa ba.