Malam, meye bambancin kamantawa da siffantawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar ajin ƙarshe ce a sakandare, in aka ba mu waƙa mu fitar da adon harshe sai in riƙa cakuɗa kamantawa da siffantawa. Don Allah a warware min.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ƙara basira. Duka biyun haɗa abu biyu ake yi waɗanda jinsinsu ba ɗaya ba, bambancin kawai yadda aka haɗa su ne. In na ce "maganarsa kamar kibiya", kamantawa kenan, don akwai kalmar da ta tsaya a tsakani, irin su kamar, tamkar, awa, sai ka ce. In kuwa na ce "maganarsa kibiya ce", to na cire wannan kalmar na mai da maganar kibiya kai tsaye, ita ce siffantawa, kuma ta fi ƙarfi a kunne.

Masana irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo sun kasa kamantawa gida uku. Na daidaito shi ne wanda na kawo, na fifiko kamar "maganarsa ta fi kibiya zafi", sai na kasawa wato gazawa, "maganarsa ba ta kai kibiya zafi ba". Nan ne ɗalibai ke yawan faɗuwa, suna ta neman "kamar" alhali "fi" da "kai" ne ke aikin. Kuma fa ba kowane "kamar" ne ado ba, wanda ya ce "kamar za a yi ruwa" hasashe kawai yake yi.

Siffantawa ma tana da gajera da doguwa, doguwar ita ce marubuci ya riƙe hoton ya ci gaba da shi, ya ce "ya ɗana maganar ya saki, ta soke ni a ƙirji, har yau na kasa zare ta". Ni dai wannan ta fi burge ni, amma tana son lura, in ka fara da kibiya kar ka ɓige da cewa ta nutsar da kai, kibiya ba ta nutsarwa, hoton ya wargaje kenan.

Akwai kuma jinsintarwa, wato a ba abu halin wani jinsi da ba nasa ba; in aka ba abu halin mutum kamar "mutuwa ta yi sallama", sunanta mutuntarwa.

A jarrabawa kar ki tsaya a faɗin suna kawai, ki faɗi wace siffa aka ɗauko. A kibiya ba tsawonta ake nufi ba, saurinta ne da raɗaɗinta da wuyar cirewa, wannan bayanin shi ke nuna wa mai maki kin fahimci baitin.