Amsar Malam kan sunan mai magana da kalmomi masu kauri a rubutun birel

(Muryar da Malam ya turo daga Gusau, mun mai da ta rubutu don masu ƙarancin data.)

Assalamu alaikum jama'a. Malama, na saurari tambayarki, sai yanzu da anka tashi yara na samu sarari. Kin ce kina mai da littafin Turanci na 'yan ƙaramar sakandare zuwa birel, wato rubutun makafi da ake shafawa da yatsa, kin iske maganar wani da anka ɗauko, sunanshi na can ƙasa gefen dama, ga kuma kalmomi masu kauri da karkatattu birjik, ya za ki yi da su. To bismillah.

Sunan mai magana tukuna. Kada ki bi shi gefen dama yadda yake ga takardar masu gani. Layinmu gida 40 ne (gida shi ne mazaunin ɗigo shida, 1-2-3 hagu, 4-5-6 dama), yatsa kuwa ba ya tsallake irin na ido, in ya daɗe yana shafar fili sai yaro ya ɗauka layin ba kome, ya sauka ƙasa abinshi. Ni ƙa'idar littafin Braille Formats na Amurka, bugun 2016, nake bi. Ki duba inda layin ƙarshe na maganar ya fara, ki matsa gida huɗu, nan za ki aza sunan. In layin ya fara ga gida na 1, suna na gida na 5. In ga na 3 ne, suna na 7. In ya yi tsawo ya zubo layi na biyu, nan dai zai tsaya, daidai ƙarƙashin na farko. Ba a barin layi tsakanin magana da mai ita, bayan sunan ake bari. Sannan don Allah kada suna ya kwana shi kaɗai saman sabon shafi. Layi 25 na shafin birel in sun cika, ki ɗauko layin ƙarshe na maganar ki ƙetare da shi, kada yaro ya juya takarda ya ci karo da sunan mutum bai san mi ya ce ba.

To sai kauri da karkata. Tun 2005 Najeriya ta karɓi tsarin UEB, wato tsarin bai-ɗaya na birel ɗin Turanci, shi za ki bi. Karkatacce ɗigo 4-6, mai kauri 4-5, wanda anka ja ma layi 4-5-6. Gidan da ke biye shi ke faɗin iyakar abin: ɗigo 2 kalma guda, 2-3 harafi guda. Kalma biyu, kowace da tata alama. In sun kai uku ki buɗe da 2-3-5-6, ƙarshe ki maimaita alamar farkon ki bi ta da ɗigo 3, kin rufe ke nan. In abin ya ci sakin layi da yawa, kowane ki sake buɗe mai, rufewa sau ɗaya can ƙarshe. Masu aiki da allo da tsinke, ku tuna daga dama kuke rubutu, 4-5-6 na hannun hagu gare ku. Mai na'urar buga birel ta Perkins ba ruwanshi da wanga.

Amma Malama, ba kowane kauri ake ɗauka ba, wallahi wasu masu buga littafi ado kawai suke yi. Kan magana da anka yi duk da kauri, ki sa shi tsakiya ki bar shi haka, mazauninshi ya riga ya faɗi ko shi mi ne. Sunan mai magana in duk karkatacce ne, watsar, sai in akwai sunan littafi ciki, shi kaɗai za ki yi ma alama. Kowace alama gida biyu take ci, kin kuwa san kuɗin takardar birel yanzu. Inda ba wasa shi ne tambayar da ta ce a ba da ma'anar kalmomin da anka ja ma layi. In kin bar alamar nan, kin kayar da yaro jarrabawa tun bai shiga ba.

Ki gama shafi guda ki miƙa ma wata ɗiya ta ajin ta karanta miki da ƙarfi. Inda duk yatsanta ya tsaya yana kai da komo, ki gaya min layin, mu duba tare.