Jinin yatsa zai iya maye gurbin na jijiya?

Tambaya: Likita, ina da ciwon suga, kuma tsoron allurar jijiya nake yi ƙwarai. Na ji akwai kayan da mutum zai huda yatsansa a gida, ya ɗiga jini a 'yar kwalba, ya aika ɗakin gwaji. Sakamakon abin dogaro ne?

Amsa: Malama, ya danganta da abin da za a auna, da kuma yadda jinin ya isa hannun masu gwaji.

Jinin yatsa daga ƙananan hanyoyin jini yake fitowa, yana kuma gauraye da ruwan da ke tsakanin tsoka. Idan ya ƙi zuba kika shiga tatsar yatsan da ƙarfi, ruwan nan zai tsinka shi, jajayen ƙwayoyin jini kuma su fashe. Cike suke da sinadarin fotasiyam, don haka sai takarda ta nuna ya hau alhali lafiyarki lau. Wannan ya fi damuna, domin hawan fotasiyam na gaske haɗari ne ga zuciya, na ƙarya kuma yana tayar da hankali a banza. A 2015 masu bincike a Jami'ar Rice ta Amurka sun auna ɗigo bayan ɗigo daga yatsa ɗaya, suka tarar ƙididdigar ƙwayoyin jini tana sauyawa sosai daga wannan ɗigo zuwa wancan.

Sai jinkiri. Ƙwayoyin da ke cikin kwalbar suna nan da rai, suna cinye sugan da ke ciki, wajen kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari kowace awa, in ba a sa maganin hana hakan ba. Jinin da ya kwana biyu a hanya ba zai faɗi gaskiyar suganki ba. Na'urar auna suga ta gida daban ce, tunda nan take take karantawa.

Gwajin da ya fi shafarki kuwa, wato HbA1c, mai nuna matsakaicin suganki na wata biyu zuwa uku, yana jure tafiya, kuma sakamakonsa daga yatsa kan zo kusa da na jijiya. Haka ma kolestarol, wani nau'in kitse da ke cikin jini. Amma gwajin da ake rainon jini a ɗakin gwaji don ganin ko ƙwayoyin cuta za su tsiro a ciki, da cikakken gwajin daskarewar jini, sai na jijiya.

In za ki yi, ki wanke hannu da ruwan ɗumi ki busar, ki hudi gefen yatsan tsakiya ko na zobe, ki goge ɗigon farko, ki sauke hannun ƙasa jinin ya zubo da kansa. Ki cika kwalbar har layin da aka zana, ki aika a ranar. Idan sakamakon ya fito ba daidai ba, ko bai dace da yadda kike ji a jikinki ba, kada ki taɓa adadin maganinki sai an maimaita da jinin jijiya. Ki gaya wa mai ɗibar kina tsoro, zai kwantar da ke ya yi amfani da ƙaramar allura.