Amsa ga mai gidan haya a Badariya

Ɗan'uwa, ka ce ka gama ɗaki da falo guda huɗu a unguwar Badariya, kana son cin riba ba tare da ɗaukar alhakin 'yan haya ba. Wallahi ka sosa mani inda ke mani ƙaiƙayi.

Tun kafin kowa ya tare, ka raba wuta, kowane sashe da mitarsa mai kati. Mita ɗaya ga mutum huɗu ita ce uwar fitina. Wannan yana da firiza, wancan fanka ɗaya gare shi, amma a ce a raba bil daidai. Sai ɗaya ya noƙe, bashi ya taru wata shida, ya kwashe kayansa cikin dare ya bar makulli wurin mai shago. Bashin wuta kuwa a aikace kan mitar gidan yake zama. Sabon ɗan haya ya tarar an yanke waya, kai za ka biya. Abin takaici, irin wannan mutumin ba kasafai dillali ke kawo shi ba. Wani babba ne da kake jin nauyi zai ce "yaronmu ne", kunya ta hana ka maganar takarda. Ranar da ya gudu, babban nan ko wayarka ba zai ɗaga ba. Don haka a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, rasit duk biya, ka ɗauki hoton bango, ƙofofi da famfo ranar miƙa makulli.

Kuɗin wata biyu cikin na shekara ka ware su, na gidan ne. Cikin Afrilu ka sa kafinta ya bi kusoshin kwano kafin iskar farkon damina. Kusa ɗaya ta saki, zuwa Agusta silin ya kumbura ya yi baƙi. Sokawe ma a kwashe tun bai yi ambaliya ba.

Ƙarin kuɗi fa, yi lissafi. Hayar dubu 300 ka ɗora dubu 50, mutumin kirki ya tashi, ɗaki ya zauna wata uku a kulle, ka yi asarar dubu 75, ga fenti.

In za ka tayar da mai hayar shekara, yarjejeniya kuma ba ta faɗi wa'adi ba, notis ɗin wata shida ne, sannan na kwana bakwai, sai kotu. Komai zafin zuciya kada ka cire masa ƙofa ko kwano, da iyali a ciki, kuma kai za a kama da laifi.